Kwano Ɗari Biyu

A Zuru, gidan da ka shiga ba ka ga hoton soja rataye a bango ba, to bangon ne bai gama bushewa ba. Garin ya ba ƙasar nan sojoji har ba a san iyakarsu ba, ita kuwa ƙasar takan maido masa da baƙaƙen akwatunan ƙarfe, da matan da ke zaune a kansu a bayan mota. Saloma na cikin irin waɗannan matan. Shekara ashirin da biyu tana bin Saje Haggai daga bariki zuwa bariki, Makurɗi, Abakaliki, Jaji. Ya je yaƙin Saliyo ya dawo ko ƙwarzane babu, sannan ciwon ciki na mako guda ya ɗauke shi a kan katifarsa. Ɗakin bariki kuwa ba a gadonsa. Da aka share makoki ta ɗaure kayanta ta dawo gida.

Gidan ne babu. Ɗakin Haggai da ke ƙauyensu Manga ya daɗe da zubewa rabi, ƙanensa ya toshe ɓarakar da ƙaya ya zuba awaki. Ɗanta tilo kurtu ne, shi kansa a kan gadon gwamnati yake kwana. Sai ta kama ɗaki a unguwar Rikoto, a gidan Malam Talle mai gishiri, tana auna dawa da gero a kasuwa. Shekara huɗu suna zaune lafiya. Malam Talle ba mugun mutum ba ne, har ma da ya zo gaya mata bayan ƙaramar Sallah cewa ɗansa zai yi aure a ƙarshen Afrilu kuma ɗakinta za a sa amarya, sai da ya yi ta kame-kame yana ba ta haƙuri kamar shi ne ɗan haya. Ta ce ba komi, ai mai abu da abinsa.

Ba ita kaɗai ba ce. Gwaurayen sojoji a garin sun fi arba'in, Kirista da Musulmi, don zazzaɓi da harsashi ba sa tambayar mutum inda yake ibada. Wata tana raɓe a zauren ɗan'uwa, wata a bayan shagon tela, wata duk damina sai an tashe ta. Suna da ƙungiya, amma aikinta bai wuce gaisuwar mutuwa ba, har sai da Saloma ta shiga. Ta yi magajiya a bariki, ta saba tara mata da raba faɗan famfo, ga shi ta iya karatu da rubutu, a zumuntar matan coci ta koya da Littafi Mai Tsarki. Ita ta kawo shawarar da ta tayar da kowa daga gyangyaɗi: su roƙi fili, su gina ɗaki goma a jere da gayya. Wadda ta shiga babu haya a kanta, hayarta kawai ta fito gayyar jere na gaba, har kowa ta samu inda za ta sa haƙarƙarinta. Dagaci ya ba su fili a bakin gari, gindin dutse, inda ƙasar ta yi tsakuwa da yawa ba mai son nomanta.

Ƙasa kyauta ce, ruwa na rafi, hannu nasu ne. Rufi ne matsala. Sai kuma aka yi sa'a, ko abin da suka ɗauka sa'a, shekarar zaɓe ta 2007 ta ƙarato, lokacin da kowane mai babbar riga yake tuna cewa yana da uwaye a ƙauye.

Saloma ta ja mata ta bi 'yan takarar majalisar wakilai ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya aiko musu da sabulu ta hannun direba. Na biyu suka wuni a ƙofarsa aka ce yana Abuja, alhali suna jin dariyarsa a ciki. Na uku, Injiniya Zakiyyu, ɗan garin ne da ya girma a Kaduna, shi ya shigar da su falo a farkon Disamba, har aka kawo musu lemo. Yana da wayar hannu biyu, kowace tana kuka bi da bi, yana sauraron Saloma a tsakaninsu.

"Ranka shi daɗe, ba atamfa munka zo roƙo ba," in ji ta. "Ƙasa muna da ita, ƙarfi muna da shi. Abin da za a rufa sama shi munka rasa. Ka rufa muna ɗaki goma, mu da ɗiyanmu da surukanmu mun san inda za mu dangwala."

"Mama, wannan ai ƙaramin abu ne," in ji Injiniya, hannunsa a kan bakin waya. "Ku rubuto, ku ba sakatare."

Suka fito suna guɗa. Mace ɗaya ce ba ta yi ba, Mama Dinah, wadda ta girme su duka, mijinta tun yaƙin basasa ya tafi bai dawo ba. A taron da suka yi washegari ta ce ita dai a ganinta a je a yanki ciyawa. Wata guda ya rage a sa wa daji wuta, in an ƙone kuma sai baɗi, ciyawa ba ta jiran ɗan siyasa. A ajiye ta a gefe, in kwano ya zo a sayar wa masu rumbu, in bai zo ba a yi jinka.

Maganar ta ɓata wa Saloma rai fiye da yadda ta kamata. Gaskiyar ita ce, shekara ashirin da biyu ta kwana a ƙarƙashin kwano, kuma a ranta komawa ƙarƙashin ciyawa tamkar a ce duk yawon barikin nan a banza ta yi shi. Amma ba haka ta faɗa ba. Cewa ta yi hannuwan da za su riƙe lauje su ne za su buga tubali, ba za a yi biyun ba, kuma babban mutum ya yi alkawari a gaban shaidu. Matan suka bi bayanta, don kowa ta riga ta ji ƙarar ruwan sama a kan kwanonta. Mama Dinah ta ce to, ta gyara ɗaurin zanenta. Daga ranar sai ta fara tsallake gayyar safe, wai bayanta na ciwo, tana zuwa Manga wurin mai magani. Aka yi ta gunaguni a bayan idonta, an ce tsohuwa ta yi fushi don ba a bi tata ba. Wasu sun lura maganin nan na baya yana barin ƙuje-ƙuje a damtse, amma ba wanda ya bi ta kai.

Saura takarda. Saloma ta sayi fallen takarda mai layi ta nufi rumfar Ishaya kafinta, wanda ya yarda zai buga musu rufin don Allah. Ya auna ɗakunan a ƙasa da sandarsa, ya ce bandir goma zai isa. Ta tsaya da biro a hannu. Goma ta yi mata ƙanƙanta a kunne. Ta san manyan mutane, idonsu kan lamba yake sauka ba kan kalma ba, kada a je a ga goma a aiko da falle goma a ce an cika alkawari. Ta tambayi Ishaya falle nawa ne a bandir, ya ce ashirin. Ta lissafa da yatsu ta cire kalmar bandir ɗungurungum, don a fahimce ta sarai. Ishaya ya ƙara mata da cewa ta taƙaita, manya ba sa karanta doguwar takarda. Tunda kuwa ta riga ta yi wa Injiniya bayanin ɗakuna baki da baki, ba ta ga amfanin maimaitawa ba. Abin da ta rubuta bayan gaisuwa layi biyu ne: mu matan marigayan sojoji na Zuru muna tuna wa mai girma alkawarin kwano ɗari biyu, a taimake mu kafin damina. Ta sa hannu, sauran suka dangwala, ta kai wa sakatare da kanta.

Aikin da aka yi a gindin dutsen nan tsakanin Disamba da Maris, duk wanda ya gani ba zai manta ba. Mata na ɗebo ruwa, suna kwaɓa ƙasa da ƙaiƙayi, suna buga tubali suna jerawa a rana. Asama'u mai waina, wadda mijinta direban soja ne, ita ke dafa abincin gayya, ita ke kuma zagin duk wadda ta makara. Ranar Asabar sai tsofaffin abokan golmon Haggai su gangaro daga Manga. Golmo shi ne noman da saurayi ke yi wa surukinsa shekara bakwai kafin a ba shi mata, kuma ba shi kaɗai yake yi ba, da ayarin sa'o'insa. Waɗannan tsofaffin su ne suka taya Haggai nome gonar mahaifin Saloma tun suna samari. Yanzu furfura ta cika musu kai, amma suka ce matar da suka sha rana dominta ba za ta kwana a waje suna raye ba. Suna taka laka suna tsokanarta, wai ashe golmon nan bai ƙare ba, an yi musu ƙarin shekara ta takwas.

Da bango ya kai kafaɗa aka yi ƙuri'ar ɗakuna da karan dawa, tsakanin mata goma da suka fi matsuwa. Mama Dinah ta ja na ɗaya, can ƙarshen yamma. Asama'u ta ja na huɗu. Saloma ta ja na goma, a ƙarshen gabas, ta ce madalla, rana za ta fara gaishe ta. Wani manjo mai ritaya ya ba su katako da ƙusa. Ishaya ya tara katakon a rumfa a gefen ginin, ya ce ba zai ɗora ba sai kwano ya iso, in ba haka ba rana za ta murɗe shi.

Duk sati biyu Saloma na leƙa ofishin kamfen. Ta tambayi maganar kwanonsu, a ce mata kwanonku na hanya, Mama, an yi oda daga Kano. Ta tambaya ko mai kauri ne, a ce mai kauri ne, irin wanda ba ya tsatsa. Ta koma ta gaya wa mata irin wanda ba ya tsatsa ne, Ishaya ya kaɗa kai ya ce lallai Injiniya ɗan halak ne, don wannan ba kowa ke iya saye ba. Wata uku ana wannan tambaya ana wannan amsa, ba wanda ya yi wa wani ƙarya ko sau ɗaya.

Afrilu ya shigo da zafinsa, gini ya kai inda ake so, ya tsaya kai a buɗe yana kallon sama. Aka yi zaɓen gwamna aka gama. Da yamma gabas takan yi duhu kaɗan ta washe. Malam Talle ya fara shafe ɗakunan gidansa da farar ƙasa, ya bar na Saloma a ƙarshe saboda kunya.

Ranar Alhamis, saura kwana biyu zaɓen tarayya, aka aiko cewa kaya sun iso, a taru a wurin ginin. Aka kafa rumfa, makaɗa suka zo, mata suka sha anko. Injiniya bai samu zuwa ba, yana Danko wurin wani taron, sai ya wakilto shugabar matan kamfen ɗinsa, Hajiya Farida, 'yar Birnin Kebbi, mace mai fara'a da son a yi abu da kyau. Ishaya ne ya fara shan jinin jikinsa. Motar da ta biyo bayan Hajiya a-kori-kura ce, an lulluɓe bayanta da tamfol, kuma babu abin da ya leƙo ta baya. Shi kuwa ya san falle ƙafa takwas ba ya ɓuya a irin wannan mota. Ya ajiye gudumarsa a ƙasa ya zauna a kan tubali.

Aka yaye tamfol. Manyan kwanonin silba ne, irin na tuwon biki, an jera su cikin juna an ɗaure da igiya, suna ƙyalli har ido ba ya iya tsayawa a kansu. A gindin kowane daga ciki an manna hoton Injiniya yana murmushi. 'Yan rakiya suka ɗauki tafi, makaɗa suka saki ganga. Hajiya Farida ta karɓi lasifika ta ce ita da ƙafarta ta je Kano ta zaɓo su, ba ta yarda a aiki kowa ba, don matan da mazansu suka ba da rai ga ƙasa ba a kawo musu na roba. Ta ɗaga takardar Saloma sama ta karanta layi biyun, ta ce ga abin da kunka roƙa, ɗari biyu cif, a ƙirga.

Saloma ta matsa kusa da ita. Muryarta ba ta fito da ƙarfi ba.

"Hajiya, na rufi munka ce."

"Ai kowane da marfinshi, Mama. Ni ba ni sayen kwano ba marfi."

Saloma ta ɗaga hannu ta nuna mata ɗakuna goman da ke tsaye a bayan rumfa. Hajiya Farida ta juya. Tun isowarta ta gan su, ta ɗauka makaranta ce ake ginawa. Ta dubi bango, ta dubi takarda, ta dubi mota, fara'ar ta zube daga fuskarta. A gaskiya ta ji kunya, kuma ba ta ɓoye ba. Ta ce wallahi ita takarda kawai aka miƙo mata, don a ofis duk abin da ya fito daga mata teburinta ake kawowa, abin da ya fito daga maza a kai wa mai kula da ayyuka. Da maza ne suka rubuta kwano, da wurinsa za a kai, shi kuwa ya san bandir. Ta ce ta yi alkawari za ta gaya wa Injiniya da bakinta, bayan zaɓe. Bayan zaɓe kuwa gari ne mai nisa, kowa a wurin ya san ba a cika dawowa daga can ba. Mai hoto ya riga ya iso, an biya shi, sai aka ɗora wa Saloma kwano ɗaya a hannu aka ɗauka.

Asama'u ta hana kowa tafiya da ko marfi. Aka jibge su a rumfar katako. Ranar Juma'a babu wadda ta ce wa Saloma uffan game da takarda. Gaisuwa ma sai da suka ƙara mata tsawo, ana tambayarta ya jiki alhali lafiyarta ƙalau, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. Da sun tsine mata da ta samu abin mayarwa. Ta wuni a gaban buhun dawarta tana jin kunyar da ba ta taɓa ji ba, tana ta juya kalmar nan guda da ta cire da hannunta don tsabar wayo.

Ranar Asabar suka fito zaɓe duk da haka, don kati na hannu kuma zama a gida ba zai rufa ɗaki ba. Layin mata a makarantar firamare ya yi tsawo, yana tafiya kamar ba ya so. Wajen la'asar iska ta tsaya cak. Gabas ta haɗe, ba irin haɗewar kwanakin baya ba, wannan baƙi ne tun daga ƙasa. Ishaya ya sha gaya musu cewa bangon ƙasa ta ka yake mutuwa: gefe ya jure feshi, amma in ruwa ya zauna masa a ka ya bi tsakanin tubali, shi ke nan. Matan goma suka dubi juna. Saura mutum shida Saloma ta kai ga akwati.

Mama Dinah ce ta yi magana, ba ta ma ɗago kai ba.

"A ƙauyukanmu na kan dutse, rumbu ma tukunya ake kife mai a ka."

Sai da Saloma ta ɗan jima kafin ta gane. Ta fita daga layi, sauran suka bi ta, wasu da katinsu a baki suna ɗaure zane. Wakilin Injiniya ya biyo su har bakin ƙofa yana cewa sun ci kayan mutum za su gudu ba su dangwala ba. Ba wadda ta waiwaya.

Da suka isa iska ta fara tashi. Aka kwance igiyoyi, masu ƙarfi suka hau kan ganguna da tarin tubali, na ƙasa suna miƙa musu. A kife kwano a kan bango, a danna shi ya zauna, a ɗora dutse, a kife na gaba ya hau gefen na baya. Faɗin bakinsa ya rufe kaurin bangon har da saura. Asama'u ta ce a fara daga gabas, can ruwa zai fara duka. Maganarta gaskiya ce, Saloma ma ta sani. Amma gabas ɗakinta ne, kuma ta kasa jure a ce matar da ta jawo wannan abu ita aka fara ceta. Ta ce a fara daga na ɗaya. Ta faɗe shi da muryar magajiyar bariki, wadda ba a yi wa musu. Rabin abin kunya ne, rabi girman kai, ita kanta ba za ta iya raba su ba.

Kwano ɗari biyu suna da yawa a gidan biki, a kan bangon ɗaki goma ba su da yawa. A ƙarshen na bakwai suka ƙare. Aka koma kan marafan, ana shimfiɗawa ana dannewa da duwatsu, har zuwa ƙarshen gabas. Sannan ruwa ya sauko. Suka ruga rumfar katako suka cunkushe, suna jin ƙararsa a kan silba. Wata daga baya ta ce to ga shi dai sun ji ƙarar ruwa a kan kwanonsu, aka yi dariya kaɗan aka bari. Iska ta bi marafan ɗaya bayan ɗaya tana zare su daga ƙarƙashin duwatsu tana wurgawa cikin tsakuwa. Kafin magariba ruwan ya tsagaita. Ɗaki bakwai suna tsaye da hulunansu. Na takwas da na tara sun zubar da layi uku-uku na sama. Na goma kuwa, bangon gabas ya jiƙe ya kwanta ciki, ya ja na gaba da na baya suka bi shi. Saloma ta je ta tsaya inda ƙofarta za ta kasance, laka har idon sawu, ba ta yi kuka ba. Ta tsinci marfi biyu ta kai rumfa.

Injiniya Zakiyyu ya ci zaɓe, ba da ƙuri'arsu ba. A satin aka yi hira da kakakinsa a rediyo yana lissafa alheran da mai gidansa ya yi tun kafin ya hau kujera, a ciki har da kwano ɗari biyu ga gwaurayen sojoji masu gina wa kansu gidaje a Zuru. Wannan karon duk wanda ya ji ya fahimci kwanon rufi, har da masu cewa bandir goma ke nan fa, Allah ya saka masa. Da Saloma ta je wurin manjon da ya ba su katako ta ga ko zai ƙara taimakawa, bai bari ta zauna ba ya tare ta da barka, ya ce ya ji a rediyo an rufa musu asiri. Ta buɗe baki za ta yi bayani, ta ga tsawon bayanin, ta ce amin ta fito.

Abokan golmo suka bi gida-gida a Manga suka tattaro ciyawar da mutane suka ajiye don gyaran rumbunansu. Ishaya ya duba ya ce za ta rufa ɗaki biyu, in an yi tsimi. Aka ba masu ƙananan yara. Sauran ɗakunan suka ci gaba da zama da kwanoninsu a ka, har masu babur suka sa wa wurin Unguwar Kwano, baƙo ya zo yana neman rufi mai ƙyalli ya tarar da abin da ya tarar.

Ranar ƙarshen wata Saloma ta share ɗakin Malam Talle ta miƙa masa makulli. Ya ce ta ƙara sati, ta ce a'a, amarya ba ta jira. Ta yanke shawarar komawa Manga ta roƙi ƙanen mijinta ya matsar da awakinsa. Ta ɗora baƙin akwatin Haggai a baro, ta ce wa mai turawa su biya ta gindin dutse ta ɗauki fartanyarta. Ana yayyafi.

Tun daga nesa ta ga ɗakuna uku ne da jinka, ba biyu ba. Na ɗaya ma an rufe shi, da ciyawa mai kyau, doguwa, yankan Disamba, wadda ta fi ta sauran biyun nesa ba kusa ba. Mama Dinah na zaune a bakin ƙofa tana gyaran wake. Lauje na rataye a bango a bayanta. Tsohuwar ba ta gaishe da Saloma ba, mai baro ta yi wa magana, ta ce ya shigar da akwatin ya ajiye a hannun dama, ta share wurin tun safe.

Saloma ta dubi jinkar, ta dubi damatsan tsohuwar, ta tuna ciwon bayan nan da aka yi ta gunaguni a kansa. Dami nawa ne, ita kaɗai, wata guda cur, tana ɓoyewa a Manga. 

"Mama, don mi ba ki faɗa muna ba?"

"In na faɗa, rabinku sai ku bi ni daji, a rasa mai taka laka. Wa kika ga zai buga tubali wata uku don shi kwana ƙarƙashin ciyawa? Kwanonki ne ya gina bangon nan, ɗiyata. Shigo, kina jiƙewa."

Ta shiga. Ɗakin na ƙanshin sabuwar ƙasa, tabarma biyu a shimfiɗe. A kusurwar da jinka ta haɗu da bango ruwa na ɗiga kaɗan-kaɗan, inda Ishaya ya ce zai dawo ya gyara. Mama Dinah ta tura kwanon silba ɗaya da ƙafa ya zauna daidai ƙarƙashin yoyon, ɗigon yana sauka a goshin Injiniya. Ta ce in Allah ya kai su Disamba lauje biyu za su nema, don ɗaki bakwai ba aikin mace ɗaya ba ne. Saloma ta ce ta san inda ake sayarwa.